Gaisuwar da Ta Rufe Ƙofa Talatin

Ranar Laraba, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, Nuraddeen ya yanke shawarar koya wa kwamfutocin ofis ladabi.

Ofishin cibiyar horar da ma'aikata ce ta wata hukumar gwamnatin tarayya, a Gwagwalada. An gama shirya sabon ɗaki mai kwamfuta talatin, duk a kan tsarin Linux, kuma washegari Alhamis da ƙarfe sha ɗaya Babban Sakatare zai zo daga cikin gari ya yanke ƙyallen buɗewa. A wurin ne kuma Darakta, Alhaji Uthman Yelwa, ya yi alkawarin faɗin wanda zai shugabanci sashen kwamfuta. Mutum biyu ke kan layi. Akwai Rukayyat, wadda ta shekara goma sha huɗu a sashen, ita ta haɗa ɗakin waya bayan waya. Akwai Nuraddeen, mai shekara uku a aiki da takardar kwas na mako shida daga wani shago a Dutse Alhaji. Ba wanda ya ba shi sunan Injiniya. Shi ya ba kansa, ya buga a ƙofar ofishinsa, ya buga a kofin shayinsa.

Rukayyat na da ƙa'ida biyu. Duk canjin da aka yi wa kwamfuta sai an rubuta shi a wani littafi mai koren bango. Kuma ba a saka sabon abu a ɗakin sai an fara gwada shi a wata tsohuwar kwamfuta da ke lungu, wadda kowa ke kira Zakara, don ita ce zakaran gwajin dafi. Nuraddeen ya daɗe yana cewa waɗannan ƙa'idoji na masu tsoro ne. Tun Litinin ya zare Zakara daga wuta ya kai ta ofishinsa, wai tana ɓata kyan ɗaki, ya ɗora butar shayi a kanta.

Shi ne kuma ya shiga wurin Darakta da shawara.

"Ranka ya daɗe, tarbar babban baƙo sai mai natsuwa. Hajiya Rukayyat ta je hedikwata tun safe ta rako Babban Sakatare. Ɗaki kuma a bar mini."

Darakta ya amince. Ƙarfe huɗu Rukayyat ta rufe koren littafinta ta tafi gida. Bayan minti goma Nuraddeen ya ja kujera.

Shirinsa shi ne kowace kwamfuta ta gaishe da wanda ya shiga cikinta daidai da matakinsa na albashi. Mai mataki na sha biyar zuwa sama ta yi masa "Ranka ya daɗe". Na tsakiya ta yi masa "Barka da zuwa". Na ƙasa kuma ta faɗa masa abin da ya dace da na ƙasa. Ya jera sunayen ma'aikata cikin baka biyu, lanƙwasassun alamomin nan na rubutu, ya rubuta umarnin, ya gwada a baƙin allo, wato inda masu sana'ar ke buga umarni da rubutu zalla ba hoto. Gaisuwa ta fito fes. Ya tafa wa kansa. Ya ajiye rubutun a aljihun da kwamfuta ke buɗewa duk lokacin da wani ya shiga, ya tura shi cikin talatin ɗin gaba ɗaya da bugu ɗaya.

A bakin ƙofa ya ci karo da Madam Magdalena, shugabar masu buga takardu, wadda ta shekara ashirin da bakwai tana aiki kuma ba a taɓa jin ta yi ƙasa da murya ba.

"Oga Injiniya, ka gwada a Zakara?"

"Madam, likita ba ya gwada allura a jikin kaza. Gobe za ki ga kwamfuta ta rusuna."

Alhamis, ƙarfe takwas daidai, ya tara masu buga takardu don gwajin ƙarshe. Madam Magdalena ta zauna a kwamfuta ta ɗaya. Allon shiga ya fito da kyansa, ga hoton tutar ƙasa, ga akwatin suna, ga na kalmar sirri. Ta buga. Allon ya yi baƙi, ya ƙifta sau ɗaya, ya dawo da tuta da akwatunansa fayau, kamar maigadin da ya leƙo ya gan ka ya mayar da ƙofa.

"Oga, wannan kwamfuta ya kore ni."

"Kin yi kuskuren bugu ne. Farcen nan naki ya yi tsawo."

"Farcen nan ya buga takardar ɗaukar ka aiki. Kuskure ɗaya ne a ciki, kuma ba na bugu ba ne."

Masu buga takardu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Nuraddeen ya ce ta tashi. Ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya buga nasa sunan da yatsa ɗaya, a hankali, don su koya. Baƙi, ƙiftawa, tuta.

Ya koma ta biyu. Tuta. Ta bakwai. Tuta. Ya tsallaka can ƙarshen ɗaki ta talatin, wai ita ba ta ga abin da ya faru ba. Tuta.

"Wuta ce," in ji shi. "Wutar yau ba ta da ƙarfi. A kira Bartholomew."

Bartholomew mai kula da janareto ya shigo yana goge hannu da tsumma. Dattijo ne, ya fi ginin daɗewa a wurin.

"Oga, ga fanka yana juyawa, ga firij yana sanyi. Wuta ba shi da laifi."

"Kai ka san wutar fanka. Wutar kwamfuta daban ce. Tayar da janareto."

Aka tayar. Hayaƙi ya biyo ta taga ya sauka kan farin labulen da aka rataya don baƙi. Nuraddeen ya buga. Tuta.

"Wutar janareton nan ta yi kauri. Rage ta."

"In rage shi da me, Oga? In zuba ruwa?"

"Ka mayar da mu kan ta gwamnati, ka daina gardama da manya."

Ƙarfe tara saura kwata ya gano cewa laifin allunan bugu ne. Ya sa aka zare duka talatin aka yi musu musanya, na gaba ya koma baya, na baya ya dawo gaba. Tuta. Ya sa aka yi wa linzaman kwamfutocin haka. Tuta. Ya ce ai kalmomin sirrin ne suka tsufa. Ya buɗe baƙin allo, ya share na kowa, ya saka wa ofishin gaba ɗaya sabuwar kalma guda wadda shi kaɗai ya sani. Ya koma allon shiga ya buga ta da ƙarfi har tebur ya motsa. Tuta.

"Oga Injiniya," in ji Madam Magdalena, "ka kira Hajiya Rukayyat a waya. Minti biyu ne."

"Duk wanda ya kira ta, zan rubuta sunansa."

"A wane littafi? Kai da ba ka rubutu a littafi?"

A lokacin ne idonsa ya sauka kan baƙin allon da ya bari a buɗe. Can sama, da fararen haruffa, ga gaisuwarsa tana zaune lafiya lau. Ya rufe ta da tafin hannu kada a karanta kafin lokaci, ya juyo yana murmushi.

"Kun gani? Abin da ni na rubuta yana aiki. Ta baƙin allo ana shiga, ta allon hoto ba a shiga. To wa ya shirya allon hoto?"

Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Na ce wa ya shirya shi? Wa ta tafi jiya ƙarfe huɗu tana murmushi? Jama'a, wannan zagon ƙasa ne. An ɗana mini tarko."

"Kai ka tura ta hedikwata," in ji Bartholomew.

"Shi ya sa ta ji haushi."

Ƙarfe goma ya tuna da Zakara. Ya ruga ofishinsa, ya sauke butar shayi, ya rungumo ta da kansa, zoben tsatsa a samanta. Aka jona ta a kan teburin gaba, aka haɗa ta da majigin da ke haska bango. Madam Magdalena ta buga sunanta da tsohuwar kalmarta. Allon ya buɗe. Ga hotuna, ga manhajoji, komai a wurinsa.

Masu buga takardu suka yi guɗa. Nuraddeen ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na gyara! Kun ga aikin ilimi? A kan wannan Babban Sakatare zai zauna. Sauran a ce ana musu allurar rigakafi."

"To kar ka taɓa shi," in ji Madam Magdalena. "Abeg, Oga, ka bar shi haka. Ka je ka sha ruwa."

"Saura abu ɗaya. Ba ta iya gaisuwa ba tukuna."

Ya zaro filashi daga aljihun gaba, ya soka, ya kwafe rubutunsa cikin Zakara, ya fita don ya sake shiga ya ji daɗin abin. Ya buga. Bangon ɗaki gaba ɗaya ya yi baƙi, ya ƙifta, tuta ta fito mai faɗin tabarma.

Bartholomew ya cire hularsa kamar an wuce da gawa.

"Oga," in ji Madam Magdalena a hankali, "yana lafiya, ka ba shi abinka, ya mutu. Ni ban je kwas na sati shida ba, amma..."

"Cutar ta iska take bi. Ta kamu ne da aka shigo da ita cikinsu."

Ya aika a ɗauko zannuwan teburin cin abinci a lulluɓe kwamfutocin, a ce sababbi ne ba a son ƙura. Dabararsa ita ce Babban Sakatare ya yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, a wuce wurin shinkafa. Madam Magdalena ta miƙa masa takardar tsarin taro. Shi ya tsara ta, shi ya sa aka buga ɗari biyu masu sheƙi. Abu na biyar, da manyan haruffa: Babban Sakatare zai shiga kwamfuta da hannunsa, kwamfuta za ta gaishe shi, ƙirƙirar Injiniya Nuraddeen.

Yana cikin karantawa aka ji jiniya a bakin get.

Babban Sakatare mutum ne gajere mai farin gilashi, ba ya son dogon jawabi. Ya yanke ƙyalle, aka tafa. Darakta na gefensa yana washe baki, Rukayyat na bayansu da jakarta a kafaɗa. Ta dubi labulen da ya yi baƙi, ta dubi zannuwan cin abinci a kan kwamfutoci, ta dubi Zakara a teburin gaba.

"Abu na biyar," in ji Babban Sakatare, yana duba takarda. "Ina mai ƙirƙirar?"

Nuraddeen ya matso, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ja wa baƙo kujera, ya buga masa suna da kalmar sirri da kansa, ya bar masa maɓallin ƙarshe. Babban Sakatare ya danna. Baƙi, ƙiftawa, tuta.

"Gaisuwar ke nan?"

"Tana... tana jin nauyinka ne, ranka ya daɗe. A sake."

Aka sake. Aka kuma sakewa. Mai ɗaukar hoto ya ɗauki duka ukun. Murmushin Darakta ya bushe a fuskarsa.

"Nuraddeen, mene ne wannan?"

Nan Nuraddeen ya ga ba mafita sai gaba. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda na bayan ɗaki za su ji.

"Ranka ya daɗe, ban so in faɗa gaban baƙi ba, amma gaskiya ba ta ɓuya. Jiya ƙarfe huɗu ɗakin nan lafiyarsa ƙalau. Wani ya sa hannu. Wani da ba ya son ci gaba, wanda ke tsoron sabon jini. Ba zan kama suna ba." Ya juya ya kalli Rukayyat har sai da kowa ya kalle ta. "Ina roƙo a bincika yanzu, gaban kowa. Kuma duk wanda aka samu, kada a tsaya kafa kwamiti. A tura shi ma'ajiyar tsofaffin fayiloli ta Kwali, inda ko soket babu, ya je ya yi wa gara zagon ƙasa."

Babban Sakatare ya dubi Darakta ta saman gilashi.

"Shawara mai kyau. Ka amince?"

"Na amince, ranka ya daɗe," in ji Darakta. "A rubuta."

Madam Magdalena ta riga ta rubuta.

Rukayyat ta ajiye jakarta. Ta ɗauko koren littafi daga kan tebur, ta buɗe shafin ƙarshe ta nuna wa Darakta.

"Canji na ƙarshe da aka rubuta, jiya ƙarfe uku, na gwada duka talatin suna shiga. Bayan nan littafi bai san komai ba. Amma kwamfuta tana da nata littafin. In an ba ni izini, ranka ya daɗe."

Ta zauna gaban Zakara. Ta danna maɓallai uku tare, tuta ta ɓace, baƙin allo ya cika bango. Ta buga sunanta da kalmarta. Ta shiga, domin Zakara na ofishin Nuraddeen a kashe lokacin da ya canja na kowa. Kafin ta taɓa komai, layi ɗaya ya fito a bango, haruffa kamar tafin hannu:

Barka da zuwa, mataimakiyar Injiniya.

Wani a baya ya yi tari mai kama da dariya. Rukayyat ta karanta, ta gyara zaman gilashinta, ta ci gaba. Ta buɗe fayil ɗin da kwamfuta ke rubuta kokenta a duk lokacin da shiga ta ƙi. Layi ɗaya ne, an maimaita shi sau huɗu, sau ɗaya na Nuraddeen, sau uku na Babban Sakatare.

"Me take cewa?" in ji Babban Sakatare.

"Tana cewa ta zo layi na huɗu na wani rubutu, ta tarar da baka inda ba ta san baka ba, ta tsaya. Ga sunan rubutun a farkon layi."

Ba sai ta karanta ba. Yana bango, kowa na gani: gaisuwar-injiniya-nuraddeen.

"Sharri ne!" in ji Nuraddeen. "Rubutuna yana aiki! Yanzun nan ya gaishe ta, kowa ya gani!"

"Ya gaishe ni, Malam Nuraddeen, har ya ba ni muƙami." Ta juya ga baƙo. "Ranka ya daɗe, kwamfutar nan tafinta biyu gare ta masu karanta umarni. Na baƙin allo sunansa Bash, ya san salo iri-iri, har da jera sunaye cikin baka. Na allon hoto sunansa Dash, ƙarami ne mai sauri, tsohuwar ƙa'ida kawai ya sani. In ya ci karo da abin da bai sani ba, ba ya tsallakewa. Ajiye aikin yake yi gaba ɗaya, ƙofa ta rufe, a dawo da mutum waje. An rubuta wannan da salon Bash, an gwada wa Bash, sannan aka ajiye shi inda Dash ma zai karanta."

"Na rubuta sunan Bash a layin farko!" in ji Nuraddeen. "Haka aka koya mana!"

"Wannan layin yana amfani in rubutun aka kira shi kaɗai. A aljihun da ka sa shi ba kiran sa ake yi ba, miƙa wa mai tsaron ƙofa ake yi ya karanta da bakinsa. Da ka gwada shiga sau ɗaya a Zakara, da ta faɗa maka tun jiya."

"Zakara na aiki a ofishin Oga," in ji Bartholomew. "Yana riƙe buta."

"A buɗe rubutun mu gani," in ji Babban Sakatare. Ya jawo kujera ya zauna, ya harɗe ƙafa. Ya manta ba ya son dogon taro.

"Ranka ya daɗe, sirrin sana'a ne..."

"A buɗe."

Rukayyat ta buɗe. Layi na huɗu jerin manya ne, cikin baka biyu. Suna na farko: Injiniya Nuraddeen, Shugaban Sashe, ranka ya daɗe, gwani na gwanaye. Na biyu Babban Sakatare. Na uku Darakta.

Darakta ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

"Ashe ni na uku ne a gidan nan."

"Jerin ba na girma ba ne, ranka ya daɗe, na... na haruffa ne."

"Harafin I ya riga B?"

Rukayyat ta gangara ƙasa. Madam Magdalena ta matso bango tana bin layi da farcen nan nata har ta samu sunanta, ta karanta da muryar da ake ji daga get: "Kin zo ke nan? Kama aiki, ban da surutu."

Ta juyo.

"Ni? Surutu? Oga Darakta, ka ji? Shekara ashirin da bakwai! Ni da na koya masa inda ake kunna firinta!"

"Nawa fa?" in ji Bartholomew. "Madam, duba mini nawa."

"Naka ya ce: Kar ka taɓa komai."

Bartholomew ya gyaɗa kai. "Wannan shawara mai kyau ne. Da ya ajiye wa kansa."

Dariyar da aka danne tun ƙarfe takwas ta ɓalle. Har direban Babban Sakatare da ke leƙe ta taga ya riƙe ciki. Nuraddeen ya buɗe baki zai yi magana kan cutar da ke bin iska, Darakta ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya rufe.

Rukayyat ta cire rubutun daga Zakara, ta koma allon hoto.

"Bismillah, ranka ya daɗe."

Babban Sakatare ya danna. Allon ya buɗe. Aka tafa, wannan karon da gaske. Rukayyat ta ce a yaye zannuwan cin abinci, ta cire rubutun daga sauran ta hanyar da aka tura shi. Ta zauna a kwamfuta ta ɗaya don ta tabbatar, ta buga kalmarta, aka ce ba daidai ba.

"Malam Nuraddeen, ka canja kalmomin sirri?"

"Na... ƙarfafa tsaro."

"Mece ce sabuwar?"

Ya sunkuya zai raɗa mata.

"Faɗa da ƙarfi," in ji Madam Magdalena. "Na kowa ne ai. Mu talatin muna jira."

Nuraddeen ya kalli ƙasa.

"Shugaba Nuraddeen. A haɗe, ba tazara."

Masu buga takardu suka zauna a kujerunsu, suka buga shi a tare, ƙarar maɓallai kamar ruwan sama a kan kwano. Kwamfuta talatin suka buɗe. Rukayyat ta duba agogo, ta ɗauki biro, ta rubuta a koren littafi: Alhamis, sha ɗaya da minti arba'in da biyu, an cire rubutu ɗaya, kowa ya canja kalmarsa kafin ya tashi.

Darakta ya sanar da sunan shugabar sashe kafin a raba shinkafa. Madam Magdalena ce ta buga takardun biyu a ranar, ta Rukayyat da ɗayar, ba kuskure ko ɗaya.

Ranar Litinin ƙarfe takwas Nuraddeen ya kama aiki a ma'ajiyar tsofaffin fayiloli ta Kwali. An mayar da Zakara lungunta. Butar shayin ta bi shi, amma babu inda zai jona ta.